Ranar da Suka Ajiye Igiya

Tun da safe na san ranar nan ba za ta tafi salin-alin ba, domin Janar ya yanke haɓarsa wajen aski. Mutumin da tun yana ƙaramin hafsa yake aske gemunsa a tsaye, ko madubi ba ya nema, yau ga shi da jini a wuyan singileti.

Na ce, "To, shugaban ƙasa, reza ma ta fara tawaye ke nan?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kwamanda, miƙo min auduga." Haka yake kirana tun muna zaune a ɗaki ɗaya a bayan bariki, wai a gida ni ce mai ba da oda.

Mijina da bindiga ya hau mulki, ba zan ɓoye wa kowa ba. Ya daɗe a kai, har aka gaji da shi, shi ma ya gaji. Sai ya yi alkawarin zaɓe, ya sa hannu a doka cewa duk sojan da ke son tsayawa takara sai ya tuɓe kaki, ya zama farar hula kamar kowa. Dokar ta hau kansa, tunda shi ma takarar zai tsaya. Ranar nan ce ranar tuɓewar. Manyan alƙalai za su riƙe ƙasa har a jefa ƙuri'a.

Ni kuwa, gaskiya, ba ƙasar ce ta dame ni ba. Na ga matar wanda ya riga shi a kujerar nan ranar da aka fito da gawar mijinta a bayan motar sojoji, an lulluɓe da bargo. Ina tsaye aka wuce da matar, ba takalmi a ƙafarta. Tun ranar nake tsoro. Abin da nake roƙon Allah kawai shi ne mijina ya fita daga barikin nan da ƙafarsa, ya ci zaɓe ko ya faɗi, wannan kuma ruwan masu ƙuri'a.

Sojoji suna da yadda suke sallamar Janar. Bayan fareti, a sa shi a buɗaɗɗiyar mota, a kashe inji, a ɗaura dogayen igiyoyi biyu a gaba. Hafsoshinsa su jeru layi biyu su ja shi a hankali har bakin ƙofar bariki. Ba bindiga a jikinsa, ba dogari a gefensa, sai matarsa kaɗai. Muddin tayar motar tana ciki, shi ne ubangidansu. Da ta tsallake ƙofa, shi ke nan, ko kurtu ba zai sara masa ba.

Muna karyawa sai ga Auta. Kanar ne, amma ni Auta na sani, yaron da Janar ya ɗauko tun yana makarantar hafsoshi, ya ci abinci a teburina har ya yi tumbi. Ya shigo ya ƙame ya sara, sannan ya rusuna min.

"Mama, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Zauna ka sha shayi."

Ya ƙi zama. Auta da ƙin shayi! Na ajiye cokali na zuba masa ido.

Ya ce, "Yallaɓai, a ɗage faretin nan. Yaran ba su ji daɗi ba. Suna cewa in ka faɗi zaɓe, wa zai kare mu? 'Yan siyasa za su kai mu kotu ɗaya bayan ɗaya kan abin da muka yi da umarninka."

Janar ya ci gaba da shafa man shanu a burodi. "Su waye yaran?"

"Kowa da kowa, Yallaɓai."

"Har da kai?"

Auta ya dubi ƙasa. Na ce, "Kai, Auta, ɗago ka dube ni. Abin da na ciyar da kai ka zo ka saka min ke nan?" Janar ya ɗaga min hannu ya tsayar da ni. Ya ce wa Auta, "Kai za ka riƙe kan igiyar dama. Je ka shirya." Auta ya sara ya fita, ko sallama bai yi min ba.

Faretin kam ba abin da na gane a ciki. Badujala na tashi, takalma na dukan kwalta, ni ina kujerar gaba ina ƙirga fuskokin da suka ƙi kallona. Matan hafsoshi da suka saba rige-rigen gaishe ni, yau kowacce wayarta take dannawa. Janar ya yi jawabi gajere, ya miƙa tutar rundunar, aka tafa hannu sama-sama.

Sai aka kawo motar. Ya kama hannuna na hau, muka tsaya kafaɗa da kafaɗa muka riƙe ƙarfen gaba. Direba ya kashe inji, ya zauna riƙe da sitiyari kawai. Hafsoshi suka ɗauki igiya, Auta a kan ta dama. Sajan Manjo na bariki, tsohon da ake kira Tsawa saboda muryarsa, yana tafe a gefe da sandarsa a hammata. Motar ta fara gangarawa.

Hanyar miƙaƙƙiya ce, bishiyoyi dama da hagu an shafa wa gindinsu farin fenti. Muka wuce ɗakin ajiye makamai, muka wuce gidajen ƙananan hafsoshi, har tagar ɗakinmu na da na hango, an rataya wandon yaro a jikinta. Can gaba ƙofa a buɗe, bayanta 'yan jarida da mutanen jam'iyyar Janar suna ɗaga tutoci. Na fara cewa a raina, kai, ashe ma tsorona ne kawai.

Ban gama wannan tunanin ba na ji motar tana rage gudu. Igiyoyin suka saki, suka kwanta a kwalta. Auta ne ya fara ajiye tasa, sauran suka bi. Masu badujala suka yi ta busa su kaɗai na ɗan lokaci, sannan ɗaya bayan ɗaya suka yi shiru. Tsakaninmu da ƙofa bai fi jifan dutse ba.

Hafsoshin suka juyo suka fuskance mu. Ba wanda ya ɗaga makami, amma na ga rigar wasu ta kumbura a ƙugu, kuma a fareti irin wannan ba a ɗaura bindiga. Na baya suka fara matsowa a hankali suna cike tsakiyar hanya.

Auta ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Yallaɓai, ba za mu fitar da kai ba. Mu koma ofis."

Na matse hannun Janar. Cikin raɗa na ce, "Ba su oda mana! Har yanzu kai ne ubangidansu. Ka ce su ɗauki igiya!"

Bai motsa leɓe sosai ba ya ce, "In na ba da oda suka ƙi, ya zama tawaye a gaban jama'a. Daga nan ba mai komawa baya, sai an zubar da jini."

"To mu yi ta tsayuwa a nan kamar kayan gwanjo?"

Gumi na bin bayan kunnensa yana shiga kwalar riga. Na san shi, lissafi yake yi. Kuma na san rabin zuciyarsa tana son abin da Auta ya faɗa. Wa aka taɓa roƙo ya ci gaba da mulki ya ji haushi? Wallahi a lokacin na fi jin tsoron mijina a kan masu bindigar. In ya ce direba ya tada mota a juya, na san a bargo za a fito min da shi wata rana.

Na ce, "Baban yara, ni dai ba zan koma gidan can ba. Ko da kai ko ba kai."

Ya dube ni, irin kallon da ya daɗe bai yi min ba. Sai ya gyara hularsa, ya ja gefen rigarsa ƙasa, ya sa sandarsa a hammata, ya sauka daga motar.

Abin da ya biyo baya ba wanda ya shirya shi. Tsawa ma yana cikin masu son a hana mu fita, a gefen Auta yake tsaye. Amma mutum ne da tun yana saurayi, duk ranar da ƙafar Janar ta taɓa filin fareti, abu ɗaya yake yi. Takalmin mijina na dukan kwalta, bakin tsohon ya buɗe da kansa.

"Fareti! A ƙame!"

Jama'a, ƙasa sai da ta girgiza. Duk hafsoshin nan, da masu kumburin ƙugu da marasa shi, suka buga ƙafa lokaci ɗaya, hannuwa a manne da cinya, haɓa sama. Jikinsu ya riga tunaninsu. Na ga idon Tsawa ya firfito, shi kansa bai yarda da abin da ya fito daga bakinsa ba. Soja kuma in ya ƙame, ba ya motsi sai an ce ya huta.

Janar ya miƙo min hannu na sauko. Ya fara tafiya a hankali, irin tafiyar duba sahu, yana kallon maɓallin wannan, yana kallon takalmin wancan. Waɗanda suka tare tsakiyar hanya muka ratsa ta tsakaninsu, kafaɗata har tana gogar rigar wani. Ina jin numfashinsu. Mutum ɗaya kawai ake buƙata ya tuna cewa yana da hannu.

Da muka zo kan Auta, Janar ya tsaya. Zuciyata ta ce, wayyo, wuce mana, bawan Allah! Ya sa hannu ya gyara masa aninin kafaɗa da ya karkace, ya ɗan bubbuga wurin. Hawaye na zuba a fuskar Auta, bai ɗaga hannu ya share ba.

Saura taku kaɗan mu kai ƙofa na ji Janar ya ja numfashi, ya fara juyawa. Na gane nan take. Bai taɓa barin sojoji a ƙame ya tafi ba, zai ce su huta ne. Na dasa farcena a hannunsa.

"Kul! In ka ba su hutu, hannayensu sun dawo nasu."

Ya haɗiye maganar. Muka tsallake ƙofa.

Mutanen jam'iyya suka yanyame mu da ihu, su a ganinsu duk cikin tsarin bikin ne. Suka tura mu cikin wata tsohuwar mota mai warin fetur. Na waiwaya ta gilashin baya. Suna nan a jere cikin rana, igiyoyi a ƙasa, babu wanda ya motsa, kuma mai cewa su huta ya riga ya zama farar hula.

Janar ya cire hularsa ta soja. Ya juya ta, ya rasa inda zai ajiye. Ya miƙo min.

"Riƙe min, Kwamanda."

"Har zuwa yaushe?"

Idonsa na kan ƙofar barikin. Na karɓi hular, na ɗaga na sa ta a kan kujera, na zauna a kanta da dukkan nauyina. Na ce wa direba ya ja mu tafi.