'Ya'yan Fari Ba Su Shiga Kwamfuta Ba

Shekara goma sha tara Falmata ta yi tana aikin lafiya a unguwar Koki. Iyayenta 'yan Barno ne, amma a nan aka binne cibiyarta, kuma babu zauren da ba ta taka ba. Saboda haka da sojoji suka koma bariki, ƙungiyoyin waje suka fara dawowa da ayyukansu, aka ce za a yi bincike kan haihuwa a cikin gari, ko tantama ba ta yi ba. Wa za a ba aikin in ba ita ba?

Dakta Ɗalha, shugaban binciken, ya zo da wata 'yar kwamfuta da ba ta wuce tafin hannu ba, da ɗan tsinkenta na roba. Ya ce an daina cika takarda. A cikin wannan za a riƙa shigar da amsoshin mata, da yamma a juye su a babbar kwamfutar ofis. Da ya ɗaga ta sama, Falmata har ta goge hannunta a gefen mayafi. Sai ya miƙa wa Larai.

Larai fa! Yarinyar da bara ta gama makaranta, wadda ta tashi a barikin soja a Legas, ko Kasuwar Kurmi ba ta iya zuwa sai an nuna mata hanya.

"Malama Falmata," in ji Dakta, "ke za ki riƙa raka ta, tunda mata sun san ki. Za mu gwada wata biyu. In Larai ta saba da unguwa, sai mu ga ko aikin yana buƙatar mutum biyu."

Falmata ta ce, "To, Dakta." Amma a ranta tafasa take yi. Bayan shekara goma sha tara ta zama 'yar rakiya, rakiyar ma ta gwaji.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne matan unguwa. Da, in ta yi sallama, ita ake shimfiɗa wa tabarma. Yanzu kuwa ana amsa mata gaisuwa ido na kan hannun Larai. Tsofaffi ma sai sun leƙa sun ga yadda rubutu ke fitowa a gilashi. Ran nan ta daure ta ce a ba ta ta gani.

"A hankali, Anti," in ji Larai. "Ba a danna ta da farce."

Ba da raini ta faɗa ba, yarinyar tana da ladabi. Wannan ladabin ma haushi yake ba Falmata, don ya hana ta samun abin kamawa.

Abin kamawar kuwa ta same shi tun ranar farko, a gidan Uwani matar wani baduku. Larai ta karanto tambayar kamar yadda take a rubuce: a faɗi sunayen 'ya'ya daga babba zuwa ƙarami. Uwani ta sunkuyar da kai, ta saci kallon surukarta da ke tsince shinkafa, ta fara daga Hamza. Ta lissafa huɗu, Larai ta shigar da huɗu.

Biyar ne. Falmata da hannunta ta karɓi haihuwar babban, wanda ke hannun kakarsa a Yakasai tun da aka yaye shi. Wace uwa ce a cikin gari za ta buɗe baki ta kira sunan ɗanta na fari, a gaban suruka kuma? Kunyar ɗan fari ba ta bari. Wanda ya tashi a nan ba sai an gaya masa ba.

Falmata ta buɗe baki, sai ta rufe. Ba an ce kwamfuta ta fi takarda ba? To, bari kwamfutar ta gano da kanta.

Haka aka yi mako shida. Gida bayan gida, 'ya'yan fari suna faɗuwa daga lissafi tun a bakin ƙofa, Larai tana ta danne-danne da tsinkenta. Falmata ta san ba daidai take yi ba, wani lokacin har abin ya dame ta a kan sallaya. Amma da safe in ta ga Larai ta rataya kwamfutar a wuya cikin 'yar jakar fata, sai zuciyarta ta sake bushewa.

Ranar taron ma'aikata Dakta ya shigo fuskarsa fal murna. Ya ce lissafi ya nuna abin mamaki: matan Koki da yawa ba sa fara haihuwa sai bayan shekara huɗu ko biyar da aure. Ya yaba wa Larai, aka yi mata tafi.

Tafin nan ne Falmata ta kasa haɗiyewa. Ta yi dariya har da buga cinya.

"Dakta, wane jinkiri? 'Ya'yan fari ne ba su shiga ba." Ta zayyana masa komai, tana yi tana kallon Larai.

Dakta ya dafe kai, don shi ma ɗan gari ne, mantawa kawai ya yi. Ya jawo kwamfutar.

"Ke yaya kike tambayarsu?"

Falmata ta gyara zama. Yau dai an zo wajen. "Ba a neman suna. Cewa ake yi, ban da babban fa, na wajen kaka? Sai uwar ta yi murmushi ta faɗi shekarunsa. Sunan kuma a tambayi maƙwabciya."

Dakta ya sa aka rubuta kalma bayan kalma, ya ce za a saka ta a matsayin tambayar farko. Sannan ya ɗago.

"Tun yaushe kika lura?"

Larai ce ta yi magana, idonta ya kawo ruwa.

"Anti, kina tsaye a gefena fa. Gida ɗari da goma sha biyu."

Falmata ta sunkuyar da kai. Dakta bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi. Cewa ya yi Larai za ta sake bin gidajen nan duka, ita kaɗai, tunda yanzu ta san hanya. Malama Falmata kuma ta koma asibitin unguwa wajen awon jarirai.

Ranar Litinin tana wucewa ta lungun gidan 'Yardada mai ƙosai, sai ta jiyo muryar Larai ta kan katanga.

"Ban da babban fa, na wajen kaka?"

Matan gidan suka kwashe da dariya. "Kai, 'yar Legas, ashe kin san kan zance! A kawo mata tabarma."

Falmata ta tsaya a bakin zauren, hannunta a jikin bango. Sallama ta zo mata har leɓe. Ta tambayi kanta me za ta ce ya kawo ta, ba ta samu ba, ta wuce.