Facin da ke Jikin Bango na Tara

A wurin ginin nan ba a jera bulo. Bango sukutum ake zubawa da kankare a fili, ya kwana ashirin da ɗaya yana shan ruwa, sannan injin ɗaga kaya ya saƙalo shi ta kunnuwan rodi biyu ya kai shi sama. Aikin Mai Alli shi ne duba kowane bango kafin a ɗaga. In ya sa farin alli, a ɗauka. In ya sa ja, a bari. Saboda jan allin nan ba mai cin abinci da shi. Yayansa kaɗai, shugaban masu zubi, kan zo bayan tulin yashi ya zauna kan kifaffen bokiti su ci tare.

Masu zubi kan rubuta kwanan wata da ƙusa a gefen bango tun siminti yana ɗanye. Da safen nan Mai Alli ya shafa na bango na tara, ya ji wurin ya ɗan tasa. Faci ne. An rufe tsohon rubutu da sabon kwaɓi, an mayar da kwanan watan baya. Ya san hannun.

Yaya ya ƙaraso yana goge hannu a wando.

"Auta, dubawa kake ko tausa?"

"Yaya, kwanansa nawa?"

"Karanta mana. Ba ni na koya maka lamba ba?"

"Kwanansa nawa?"

Yaya ya kau da kai. "Bakwai. Na farkon ya tsage, na sake zubawa ba wanda ya sani. Karo na biyu ke nan da bango ya tsage a hannuna. In ofis suka ji, sallamata za su yi. Ni na kawo ka wurin nan, Auta."

Direban injin ya leƙo daga sama. "Malam, in sako ƙugiya ko in yi barci?"

Wataƙila kunnuwan su riƙe. Mai Alli ya taɓa ganin bangon kwana bakwai ya hau lafiya lau. Amma mutum huɗu ne za su tsaya ƙarƙashinsa da igiya, kuma ba wanda ya nemi shawararsu.

Ya ja jan layi daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Da rana ya hango Yaya ya fito daga ofis ba hular kwano a kansa, ya nufi ƙofa bai waiwayo ba. Mai Alli ya koma bayan tulin yashi. Sai da ya kifa bokitin, ya kaɗe masa ƙura, sannan ya tuna Yaya ba zai zo ba.