Hantar Maidaji

"Gaya mishi nono guda munka sha," in ji Maidaji, yana jan hannun rigata a ofishin likitan. "Innar Ilu ta shayar da ni har yaye. Mi ya rage kuma?"

Na juya maganar zuwa Turanci, domin amfanina ke nan a wurin. Ni tsohon akawu ne daga Kano; da na yi ritaya ɗana ya kawo ni nan ƙasar waje, unguwar Dengfeng, wai in huta. Ilu, mai sarin riguna a kasuwar Baima, maƙwabcinmu ne a bene ɗaya, kuma ciwon dajin hanta ya kwantar da shi.

Tun farko an shaida mana cewa layin masu jiran hantar mamaci dogo ne, baƙo kada ya sa rai. Sai dai ɗan'uwa zai iya ba da ɓangaren tasa, muddin ƙarin bai yi girma ba. Ilu ya ce yana da ɗan'uwa a Maraɗi. Maidaji ya rufe shagonsa ya taho. Jininsu ya dace, amma aka ce hantarsa ta yi kitse. Ya bar nama da mai, kullum da asuba yana hawan matakalar benenmu yana sauka, yana haki kamar zugazugi. Wata da watanni yana haka. Mu ba mu ga dalilin faɗin wane irin ɗan'uwa ne ba, sai ranar da kwamitin asibiti ya tambaya.

Likitan ya saurare ni cikin ladabi. Ya ce doka ta san mata, ta san ɗan'uwa na jini, ba ta san nono ba. Na san irin muryar sarai. Da ita na ci abinci tsawon aikina.

"A musulunci ba ni auren ƙanwar Ilu," in ji Maidaji. "Gaya mishi wannan."

Na gaya masa. Ya rubuta wani abu, ya ce mu yi haƙuri.

Aka kira ƙanwar, Radiyya, daga Kano. Kafin biza ta fito idanun Ilu sun koma ruwan ɗorawa, cikinsa ya kumbura. Ranar da ta iso aka sake ɗaukar hoto. Ƙarin ya shiga jijiya. Likitan ya ce a wannan mataki ciwon dawowa yake yi ko an dasa, ba za su yanka mace lafiyayya a banza ba.

Maidaji ya durƙusa a gabansa, ya ɗage riga.

"Laoban, maigida, ku yanka. Ko babu amfani, ku yanka."

Wannan ban fassara ba.

Aka mayar da Ilu ɗakinsa. Da na shiga gaishe shi, ya dubi Maidaji da ya rame cikin babbar riga, ya yi murmushi.

"Malam Akawu, ka ga dai na yi wa wannan maganin tumbi kyauta."

"Yi shiru, ɗan inna," in ji Maidaji. "Sha ruwa."

Ilu ya rasu ranar Laraba da hantsi, Radiyya tana riƙe da ƙafarsa. Aka sallace shi, 'yan Kano da 'yan Nijar sahu ɗaya.

Washegari da asuba ina alwala, na ji takun nan a matakala, a hankali, yana hawa. Ya kai daidai ƙofar Ilu ya tsaya. Na daɗe riƙe da buta kafin in ji ya fara sauka.