Likkafanin Babakoto

Guguwar teku ta wuce, ta bar wa tsoho Botozafy yashi inda shinkafarsa take. A da, in haka ta faru, sai mutum ya hau tudu ya sari sabuwar gona. Yanzu an shafa wa itatuwan bakin kurmi jan fenti, an hana shiga, an raba wa mutanen ƙauyen riguna masu hoton babakoto, wai su daina cinsa.

Cinsa! Birin nan mai kukan safiya, wanda ƙauyen kaf ke kira kaka? Wa ya taɓa ko jifansa?

Botozafy yana neman rogo a bakin iyakar ya tarar da babakoto, reshe ya danne shi har lahira. Ya tuɓe rigar da aka ba shi, ya naɗe gawar kamar yadda iyayensa ke yi, ya tsallake fentin don ya binne ta a gida.

Mai gadin kurmi ya tare shi. Velonjara ne, ɗan ƙanwarsa.

"Kawu, mene ne a rigar nan?"

"Kakanka ne. Matsa in wuce."

"Manyan da suka hana shiga suna gari, Kawu. In na ƙyale ka, aikina ya tafi. Ka ce musu yunwa ce ta sa ka, za su sassauta."

"In ce na kashe kakana don miya? Kai dai an yi asarar nono."

Velonjara ya kai shi gaban manyan, suka ɗauki hotonsa riƙe da gawar, suka girgiza kai, suka ce har yanzu mutanen nan ba su waye ba. Ba a jima ba aka ƙaro wa ƙauyen riguna. Shinkafa kuwa, ko ƙwaya.