Dodon da Aka Ba Wa Bargo

Tun ranar da ɗanta ya sayo wa Tsirit kwamfutar hannu, Kaka ta zama kamar tsohuwar kujera a falo, ana wuce ta ba a zama. Da can jikar tata ko takalmin makaranta ba ta cirewa take faɗowa jikinta tana "Kaka, tatsuniya!" Yanzu kuwa sai "Sannu Kaka" daga tsaye. Abin yana ci mata rai matuƙa, ba ta dai faɗa ba ne.

Abin haushin ma, da kayanta aka ci kasuwarta. Ɗan nata mai zanen katun ne, kuma tatsuniyarta ta Dodo da rijiya ya ɗauka, wadda take yi masa tun yana fitsarin kwance, ya mayar da ita fim. Ran Asabar da rana ya tara su a falo, ya kunna talabijin yana ta washe baki.

Kaka ta gyara tabarau. Yarinyar labarin, wadda a tatsuniyar Kaka kuka take yi har maharbi ya zo, ga ta nan a kan keke tana bin Dodo da kanta. To, wannan da sauƙi. Amma da aka zo ƙarshe, maimakon Dodo ya faɗa rijiya a rufe da dutse, sai gogan ya zauna ya ɓarke da kuka, wai kaɗaici ne ya sa shi cinye awakin gari. Aka rungume shi. Aka ba shi ɗakin baƙi a gidan su yarinyar, har da bargo!

"Kai, yaron nan, ka cuci Dodo," in ji Kaka. "Ina haƙoransa?"

"Mama, zamani ya canja. Ba a tsorata yara yanzu."

"Kai da ka ji shi da haƙoransa, me ya cinye ka?"

Ya yi dariya, ya juya wajen 'yarsa yana jiran yabo. Tsirit dai ta naɗe ƙafafu a kan kujera. Can uwarta ta leƙo daga kicin ta ce ta ɗauko mata tsintsiya a ɗakin baƙi. Ko motsi. Aka sake faɗa, sai ido ya ciko da hawaye.

"Ba zan shiga ba. Ai ɗakin baƙi aka ba shi."

"Haba 'yar Baba, ba ki ga ya tuba ba?"

"Ya tuba, amma ai zai sake jin yunwa."

Kaka ta guntse dariya har tabarau ya zamo kan hanci. Uban ya durƙusa ya shiga bayanin yafiya da abota, bakinsa har kumfa, a banza. Tsirit ta sauko, ta tsallake kwamfutarta da ke yashe a kafet, ta haye cinyar Kaka.

"Kaka, ki gama da shi."

Wayyo daɗi! Kaka ta gyara murya, ta mayar wa Dodo haƙoransa da jajayen idanunsa, ta koro shi har bakin rijiya. Tana cewa "Sai ga maharbi," yarinya ta toshe mata baki da hannu.

"A'a, ban da maharbi. Mai keken ce za ta tura shi."

Kaka ta gyaɗa kai. Ita kanta, in za ta faɗi gaskiya, koke-koken yarinyar labarin nan sun daɗe da isarta.

"To, mai keke ta taho a guje ta banke shi, ya faɗa tsundum! Ta mirgino dutse ta rufe."

"Babba?"

"Ya fi firjinmu."

Tsirit ta dire, ta ruga ɗakin baƙi tana tsalle, ta kai wa uwarta tsintsiya.

"Mama, kekena dai kin karɓa," in ji ɗan yana sosa ƙeya.

"Na karɓa, bargonka ne ba na so. Zauna nan ƙasa ka sake koyon aikin."

Bai gama zama ba Tsirit ta dawo da gudu, ta faɗa jikin Kaka har kujera ta yi ƙara.

"Kaka, wata!"