Tunkiyar Da Ta Warke

Baba ya dage cewa shi da 'yarsa sana'a ɗaya suke yi. Shi birkila ne da ya ajiye cokalin gini. Ita kuwa, wadda ake kira Dakta a wurin aiki, ta yi shekaru tana kwaɓa siminti a wani ɗan kwano da bai kai kofin shayi ba. Nata simintin na ƙashi ne: garin kalsiyam da fosfet, a kwaɓa da ruwa, a cusa a gurbin da ƙashi ya farfashe, ya daskare a ciki.

"Yau ma kwaɓin za a je?" ya tambaye ta da safe tana neman makullin mota.

"Yau babu kwaɓi, Baba."

"To wannan fuskar fa? Sai ka ce an ce ki hau da bulo bene."

Ta yi murmushin yaƙe ta fita. Ba ta da ƙarfin yin bayani.

Simintin zalla yakan zauna a jiki kamar dutse, sabon ƙashi ya rasa ta inda zai shiga. Shi ya sa take zuba masa polima, wasu 'yan ƙwayoyi kamar yashi da ke narkewa a hankali cikin jiki, su bar ƙananan ramuka da jini da ƙashi za su bi. In ta cika hannu, simintin ya marmashe. In ta yi rowa, ya toshe. Wani haɗin ma ƙin daskarewa ya yi ƙememe, ya zauna caɓal yana kallonta. Haka ta yi ta fama har furfura ta fara leƙowa, kafin ta dace da haɗin da ya yi kyau a ɗakin gwaji. Shi aka sa a ƙafar bayan wata tunkiya.

Tunkiyar ta warke sarai, kuma nan gizo ke saƙa. A hoton asibiti, siminti da ƙashi fari ɗaya ne, don sinadarinsu kusan ɗaya. Ba mai iya cewa ramukan sun buɗe ko ƙashi ya shiga, sai an ciro ƙashin an yanka shi siriri an duba a madubin da ke ƙara girman abu. Ƙashi kuwa ba ya fitowa tunkiya tana raye. In ba a duba ba, har abada ba za a yarda a sa simintin a jikin mutum ba. Ita ta tsara komai da hannunta, ta san da wannan rana tun farko, amma sanin bai rage mata komai ba.

Da ta isa wurin aiki, ta tarar da garken tumakin ya hargitse. Ma'aikata biyu suna haki, ɗaya wandonsa sharkaf, da alama ya yi wanka a kwamin ruwa ba da niyya ba. Likitan dabbobi ya jingina da shinge yana fifita da hula. Tunkiyar tana can lungu, kunnuwa a tsaye, ko numfashinta bai sauya ba.

"Dakta, simintinki ya fi ƙarfinmu," in ji likitan. "Tun ɗazu take wasa da hankalinmu. Kwamin nan ma tsallake shi ta yi, da ƙafar da muka yi wa aiki."

Ma'aikatan suka yi dariya. Ita ma ta so ta yi, ta kasa.

"Ba za a ƙara mata ko wata ɗaya ba?"

"Haka kika ce wancan watan." Ya sassauta murya. "Ke kika ce in lokaci ya wuce ba za a ga abin da ake nema ba. Kuma in muka ci gaba da kora, za ta iya karya ƙafar, shi ke nan wahalarki da tata sun tashi a banza. Ki shiga. Ke kaɗai take zuwa wa."

Gaskiya ya faɗa. Bayan tiyata tunkiyar ta ƙi cin abinci, Dakta ce ta riƙa kifa bokiti ta zauna a gabanta, tana ba ta dusa a tafin hannu. An ja mata kunne a lokacin kada ta shaƙu da ita, ta ce ai don aikin take yi.

Mai jiƙaƙƙen wando ya miƙo mata kwanon dusa. Ta girgiza kai. Ba za ta haɗa da yaudara ba, in tunkiyar za ta zo, ta zo haka. Can ƙasan ranta tana fata kada ta zo.

Ta shiga, ta durƙusa, gwiwoyinta suka yi ƙara. Ta miƙa hannu babu komai a ciki.

"Zo, 'yar gari. Zo."

Tunkiyar ba ta ko tsaya shawara ba. Ta taho da gudu, idon Dakta kuma ya sauka kan ƙafar bayan, don ya saba. Ko alamar ɗingishi babu. Ta iso ta shinshina hannun, ba ta sami komai ba, ta ɗora kai a cinyarta duk da haka.

Likitan ya zagayo ta baya a hankali, allurar da za ta ƙare ran tunkiyar a hannu.

"Riƙe ta haka, Dakta. Kada ki daina shafa ta."

Ba ta daina ba, har kan ya yi nauyi a cinyarta.