Kafinta Tukuna

Tun da zarton lantarki ya cinye wa maigidana yatsu uku, shagonsa ya fara mutuwa a tsaye. Kafinta ne na ƙwarai, amma masu kawo aiki suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani inji da ake takawa da ƙafa, shi ne zai ceci shagon, mu kuwa ina muka ga halin sayensa?

Ni na ji a rediyo wai gwamnati na ba da tallafi, kyauta ba rance ba. Na sa shi gaba da mita har ya gaji ya biyo ni ofishin.

Ma'aikaciyar, wata mai tabarau, ta ce tallafin iri-iri ne: akwai na manoma, na ɗalibai, na masu ƙananan sana'o'i, kuma duk ana liƙa sanarwarsu a allon bakin ƙofa.

"Na sana'a nake so," in ji shi.

"An rufe shi, Baba, sai baɗi." Ta ɗan kalli hannunsa, ta sassauta murya. "Amma na masu naƙasa a buɗe yake, kuma kayan aiki ake bayarwa."

Ya miƙe tsam. "Ni ba naƙasasshe ba ne." Ya fice abinsa.

Wallahi raina ya ɓaci. Shagon da ba zai kai baɗi ba, mutum ya tsaya girman kai? Na bi shi da masifa cike da bakina. Sai na tarar da shi a baranda, tsugune gaban wani benci mai girgiɗi, yana ta fama ya ɗaure masa ƙafa da yatsun nan biyu. Ba wanda ya sa shi. Tausayinsa ya kama ni, masifar ta bi iska.

Na ce, "Baban yara, in ba ka so, mu tafi gida. Ni ba inji na aura ba."

Ya yi 'yar dariya, idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya tashi ya koma ciki, ina biye.

Ma'aikaciyar ta ɗauki biro. "In rubuta, Baba?"

"Rubuta, 'yata," in ji shi a hankali. "Amma ki fara sa kafinta tukuna, sannan ki sa wancan."

Haka kuwa ta rubuta.